Ta Ce wa Sufeto Baba

Ramlatu na tankaɗe a tsakar gida masinja ya miƙo takarda mai jan hatimi. Layi biyu ne: ta bayyana a ofishin ilimi gobe ƙarfe takwas. A shekarun juyin juya hali gwamnati ba ta ɓata tawada wajen faɗin dalili, kuma unguwarsu ta Zongo ta san mutum biyu da suka amsa irin wannan kira, har yau ana ajiye musu tuwo.

Ta san laifinta. Makon jiya sufeton makarantu, tsoho mai furfura, ya shigo ajinta a makarantar unguwar Gbégamey. Doka ta ce a kira kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, daga minista har mai shara, kuma shekara huɗu tana koya wa yara haka. Sai ga gwiwarta a ƙasa, bakinta ya riga ta: "Sannu da zuwa, Baba." Ya rubuta wani abu a littafinsa, ya fita.

Kafin la'asar wan mijinta, Alhaji Ilu mai fataucin shanu, ya iso wajen mijin nata, Tidjani, ya ƙi zama.

"Tidjani, mu baƙi ne a garin nan. In suka riƙe ta, gidan wa za su bincika? Rubuta mata saki ɗaya yau. In ƙura ta lafa ka mai da ita."

"Yaya, laifin nata fa gaisuwa ce."

"To gaisuwar ta ishe mu. Na faɗa maka tun farko, mai alli ba ta kawo wa gida komai sai takarda."

Ramlatu ta fito daga bayan labule, hawaye na bin garin da ke fuskarta. "Ka rubuta, Malam. Kada a taɓa ku saboda ni."

Tidjani ya ɗauki biro, ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan ba ya rubutu, Yaya."

"Ga nawa."

"Shi ma na ga alama ba zai yi ba."

Alhaji ya fita bai yi sallama ba.

Da safe suka tafi a ƙasa, Tidjani na rungume da ƙunshinta: zani biyu, sabulu, carbi. A bakin ƙofa soja ya tare shi.

"Kai ba a kira ka ba."

"Inda za a kai ta... nan za ni." Sojan ya kau da kai, ya bar shi ya wuce.

Awa uku suna kan benci. Duk takun takalmi sai Ramlatu ta dubi ƙofa. Da aka shigar da su, sufeton bai ɗago ba.

"Kamarad Ramlatu. Daraktan makarantarku ya tafi jana'iza Legas wata huɗu ke nan, da alama mamacin bai gama mutuwa ba. Ajinki kaɗai na tarar ana karatu. Daga Litinin ke ce darakta. Sa hannu nan."

Ta sa, ita kanta ba ta gane sa hannun ba.

Da suka fito, ba su yi nisa ba Tidjani ya tsaya cak. Ya zauna a bakin kwata, gumi ya jiƙa rigarsa.

"Malam, ashe kai ma tsoro kake ji?"

"Tun jiya ban san inda hanjina yake ba, madam darakta."

Ta zauna kusa da shi tana dariya tana kuka, masu wucewa na kallo.

'Yan mata, darasin gajere ne. Kada ku nemi masoyin da ba ya jin tsoro, babu shi. Ku nemi wanda zai ji tsoron, ya kuma raka ku.