Ƙuri'a Ɗaya a Ƙofar Gidan Alhaji Isyaku

Hasana tana tankaɗe a tsakar gida, Inna na tsince shinkafa, sai suka ji muryar maigidan, Alhaji Isyaku, ta ɗaga daga zaure. Lokacin sojoji na shirin komawa bariki, saura sati biyu zaɓen ƙananan hukumomi. Jam'iyyu da yawa ne a takarda, amma a layinsu na Gyaɗi-Gyaɗi biyu kawai ake ƙirgawa: ta Alhaji, da ta abokin hamayyarsa Lawan Mai Taya.

Zakariyya ake yi wa faɗan, malamin firamare daga Tarauni, wanda aka sa ranar aurensa da Hasana bayan ƙaramar Sallah.

"Na ba ka fosta ka liƙa a bangonku, ka dawo mini da ita a naɗe? Wajen Lawan ka koma?"

"Baba, ba na can, ba na nan. Na karanta manufofinsu duka. Akwai wata ƙarama da ta ce za ta sa ɗakin haihuwa a kowace unguwa. Da ita hankalina ya kwanta."

"Jam'iyyar da ko bencin ofishinta na aro ne? Asarar ƙuri'a!"

Hasana ta lura hannun Inna ya tsaya cak a cikin faranti. Ita Hasana 'yar tagwaye ce. Husainarta a cikin tasi ta cika, ranar da aka haife su, kafin a kai asibiti.

Ranar zaɓe a ƙofar gidansu aka kafa rumfa. Zuciyar Hasana na tare da Zakariyya, amma tsoro ya rinjaye ta, ta dangwala wa jam'iyyar mahaifinta. Bayan la'asar aka juye akwati ana ƙirga a bainar jama'a. Can malamin zaɓe ya ɗaga wata takarda, ya kira sunan ƙaramar jam'iyyar nan.

"Ɗaya!"

Wuri ya kaure da dariya. Lawan ya tafa hannu.

"Alhaji, surukin naka a Tarauni ya yi rajista fa! To wannan ta wa ce? Ashe har cikin ɗaki aka ci ka!"

Alhaji ya faɗo gida ko sallama babu.

"Ke! Tun ba ki shiga gidansa ba ya raba ki da ubanki?"

Hasana ta buɗe baki za ta rantse, sai idonta ya faɗa kan Inna, ta ga ta sunkuyar da kai tana kauce wa idon Alhaji. Nan take ta gane ƙuri'ar Inna ce. Ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Ka yi haƙuri, Baba."

Washegari aka mayar da kayan sa rana Tarauni.

Shekara biyu Hasana tana zaune. Zakariyya bai nemi kowa ba. Ran nan suka haɗu a bakin titin Gidan Zu, ta gaya masa gaskiya tana kuka.

"Abin da ke cina, ban ma zaɓi abin da nake so ba, ga shi ina shan hukuncinsa."

"Kada ki tona wa Inna asiri," in ji shi. "Ni ina nan, ba taransifa."

Inna kuwa sai ramewa take yi. Kullum ta yunƙura za ta yi magana, sai tsoron Alhaji ya hana ta.

Sai ga shi wata Juma'a Lawan ya sauya sheƙa zuwa jam'iyyar Alhaji. Aka shimfiɗa darduma a zaure, ana raba goro ana shewa. Da Alhaji ya shigo yana fara'a, ya tarar da Inna tsaye.

"Alhaji, Lawan da ya yi maka dariya a gaban jama'a, a wuni ɗaya ka yafe masa. 'Yarka fa?"

"Ita amanata ta ci."

"Ba ta ci ba. Taka ta zaɓa. Ni na dangwala waccan, saboda Husaina. Kai ka rufe ta, amma a cinyata ta cika."

Alhaji ya zauna a kan turmi, goron na hannunsa. Ya juya wajen Hasana, wadda ke tsaye a bakin ƙofar ɗaki.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Da Inna za ka kora, Baba."

Da ƙafarsa ya tafi Tarauni. Aka ɗaura aure, amma Inna daga kan gadon jinya ta ji guɗa, wata uku bayan nan ta rasu. Ƙaramar jam'iyyar ma tuni ta shuɗe.

A zaɓen da ya biyo baya, matasa suka tambayi Alhaji wa za su yi. Ya ce, "Ku karanta, ku bi wadda zuciyarku ta yarda da ita, ko ƙuri'a ɗaya za ta samu. Ni na hana a gidana, ga abin da na girba."

Haka ne kuwa. Haƙurin Hasana ya kai ta ɗakinta, amma shekaru biyun nan, da lafiyar Inna, babu jam'iyyar da ta dawo da su.