Wa Ya Tone Mini Albasar Fure?

A can wani zamani, a wata ƙasa mai tsananin sanyi, an yi wata yarinya mai saurin fushi. Kafin sanyi ya shigo, kakarsu ta ba su albasar furen tulib, ita da ƙanwarta. Ta ce, "Ku zaɓi masu tauri, ku binne da zurfi, tsinin yana kallon sama."

Kowacce ta shuka tata.

Wata safiya yarinyar ta tarar an tone shukarta kaf. Ranta ya ɓaci, ta nufi ƙanwarta. "Ke kika tone mini!"

"Wallahi, Yaya, ban taɓa ba."

"Ke kika tone mini!"

Ta ɗauki fartanya ta afka wa shukar ƙanwar, tana sara tana faɗa. Ƙanwar tana kuka, ita tana ta sara, har fartanya ta burma wani rami a gindin katanga. Sai ga gafiya ta fito da gudu. Cikin ramin kuwa, ga ɓawon albasarta nan, an cinye.

Yarinyar ta durƙusa tana tsince abin da ta sassare. Biyu kaɗai suka tsira. Ta mayar da su ƙasa, ta toshe ramin da duwatsu.

Da sanyi ya wuce, furanni biyu jajaye suka buɗe. Ƙanwar ta ce, "Yaya, ɗauki ɗaya."

Ta girgiza kai. "Duk naki ne."

Ta ɗauki tulu ta tafi ɗebo musu ruwa.