Randar da Sharhabil Ya Tsinto

Ana gab da magariba Hansai ta ɗebi ruwa a sabuwar randarta ta kurɓa, sai ta ji gashi a harshe. Ta zaro shi, doguwar furfura ce, alhali duk gidan nan na Kurmin Mashi babu mai furfura.

Mijinta Sharhabil ne ya kawo randar. Direban masu tonon kayan tarihi ne, waɗanda ke gaggawar kwashe abin da ke tsohuwar ganuwa da kaburburan bakin kogi kafin a datse ruwa ya shanye wurin. Ya ga ƙatuwar tukunya a bakin rami, ya faki ido ya sa a mota. Mutum ne da ko tsinke ya gani a yashe sai ya ce zai yi amfani. Hansai ta ɗauraye ta sama-sama, tana murnar samun ruwan sanyi ko an ɗauke wuta.

Washegari aka fara jifa a kan kwano, ba a ganin mai jifan. Ruwan ya koma ƙarni. Sai 'yarsu Zulaiha ta daina cin abinci, ta tsuguna a gindin randa tana lasar jikin randar, miyau na dalala. Hansai ta rasa wanne ya fi cinta, tsoro ko ƙyama.

Aka kira Malam Ubaidullah. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da wata murya mai kauri.

"Tun ba a san Kaduna ba aka binne tsohuwa a tukunyar nan. Ni ke gadinta."

Malam ya ce, "Ka ji tsoron Allah, ka rabu da yarinyar nan."

"A yanka mini baƙar akuya."

"Ko kaza ba za ka samu ba."

Malam ya ci gaba da karatu.

"To, a mayar da tukunya raminta kafin ruwa ya iso."

Sharhabil ya rantse zai mayar da ita. Hansai ta ce, "Allah gafarta Malam, ai ba kowa a ciki. 'Yar ƙasa ce kawai ta kama gindin."

Kan Zulaiha ya juyo a hankali.

"Ƙasar ita ce tsohuwar. Kun shanye rabinta."

Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale. Can ta buɗe ido, ta ce da muryarta ta kullum, "Umma, ƙishirwa nake ji."

Hansai ta rungume ta tana hamdala, sannan ta saki, ta ruga bakin rariya tana kelaya amai.