Kwana Tara Bayan Aikin Gwaiwa

Ranar da na cika kwana tara da yi mini aikin gwaiwa, na fito da la'asar sakaliya zan je wurin Majo Zeinabou, ma'aikaciyar jinya, ta canza mini audugar ciwo. Daga gidanmu da ke ƙarshen Dagamanet zuwa ɗakin maganinta ba nisa, amma ga mai ɗinki a mara tafiya ce babba. Dokotoro ya ce in riƙa taka ƙasa kaɗan-kaɗan, kada in ɗauki ko buta cike da ruwa, kada in hau kabu-kabu. Matata Biba ta ce in bari sai da safe. Na ce mata audugar ta jiƙe, ba zan kwana da ita ba.

A Djado na samo ciwon. Shekara uku ni da abokina Chaibou muna haƙar zinariya a rami ɗaya, shi yana ƙasa yana fasa dutse, ni ina sama ina jan buhu da igiya. Wata rana na ja, na ji abu ya tsinke mini a mara. Wata takwas ina ɓoyewa, in tura kumburin ciki da hannu in ɗaure da tsohon rawani. Kunya ta hana ni gaya wa kowa sai Chaibou. Da ciwon ya kwantar da ni, shi ya nemo mota, ya ɗora kaina a cinyarsa har muka shigo Agadas.

A lopital, babban asibitin gari, da aka turo ni daga ɗakin aiki ƙafafuna a mace saboda allurar baya, fuskarsa na fara gani. Shi ya tallabe ni na yi takun farko. Duk audugar da aka cire mini a kwana ukun nan, shi yake ƙulle ta a baƙar leda ya ce zai binne, wai ba a barin jinin mutum cikin shara. Na yi ta sa masa albarka. Kwana na huɗu ya koma Djado, ya ce kada a ƙwace mana rami.

Na tarar da layi a wurin Majo, kafin ta sallame ni rana ta yi ja. Ta ce ciwon yana kamewa da kyau, ranar Alhamis za ta cire zare. Na kama hanyar gida, hannuna ɗaya dafe da mara.

Akwai wani lungu da ake bi tsakanin kangaye, gidajen ƙasa da aka fara ginawa aka bari ba rufi. Kullum za ka tarar da awaki a nan suna cin kwali. Ranar babu ko ɗaya. Babu kukan yara, babu ƙarar moto daga titi. Takalmina kawai nake ji yana jan yashi.

Sai warin ya zo. Warin ƙasa mai zurfi wadda ba ta taɓa ganin rana ba, haɗe da hayaƙin nakiya. Na san shi. Shekara uku ina shaƙarsa a bakin rami. Amma tsakanin Djado da nan tafiyar kwanaki ce.

Na tsaya.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Guduma ce a kan dutse. Ba daga kangayen take fitowa ba. Daga ƙarƙashin ƙafafuna take.

Ɗinkin marata ya motsa, kamar wani ya kama bakin zaren yana gwada ƙarfinsa.

Wani yana zaune a kan katangar kango na uku. Na rantse ɗazu babu kowa a wurin. Jikinsa fari fat da garin dutse, kamar wanda ya kwana cikin rami. Katangar ta fi ni tsayi, amma ƙafafunsa suna taɓa ƙasa. A cinyarsa akwai baƙar leda.

“Issouf na Ramata,” ya ce.

Bakinsa bai motsa ba. Muryar daga ƙasa ta taso, kamar mai magana daga gindin rijiya. Mahaifiyata Ramata ta rasu ina ɗan shekara bakwai a can garinmu. A duk Agadas mutum biyu ne suka san sunanta, Biba da Chaibou.

Ya kwance ledar a hankali. Na ga ƙullin kafin ya kwance, ƙulli biyu da hanci a gefe. Haka Chaibou yake ɗaure bakin buhu. Na kwance irinsa ya fi dubu.

Ya zaro auduga. Jinin da ke jikinta ja ne sharkaf, yana ɗiga, kamar yanzu aka cire mini.

“An kawo mana, mun karɓa,” ya ce. “Mun buɗe wa wanda ya kawo arzikin ƙasa. Yanzu mun zo ɗaukar mai jinin.”

Na so in yi addu'a, harshena ya yi nauyi kamar dutse. Na so in gudu. Mai ɗinki a mara ba ya gudu.

Abin mamaki, ba tsoro ne ya fara kama ni ba. Hannun Chaibou na tuna, yadda yake shafa mini ruwa a goshi cikin mota yana cewa in yi haƙuri, mun kusa.

Yashin da ke ƙarƙashina ya fara zurarewa.

Idon sawuna ya nutse.

Zaren ya ja. Na ji ɗinki ɗaya ya fashe, ɗumi ya gangaro mini a cinya.

Gwiwata ta nutse.

“Ba ni na bayar ba,” na ce. Da ƙyar na ji muryar kaina. “Ban sani ba. Ban yarda ba.”

Gudumar ta tsaya.

Ya sunkuyo daga kan katangar ba tare da ya tashi ba, wuyansa yana ƙaruwa, har fuskarsa ta zo daf da tawa. Garin dutse yana zuba daga inda ya kamata idanu su kasance.

“An riga an buɗe. Ba ma komawa hannu wofi. Wa zai zauna mana a madadinka?”

Na ba shi amsa.

Babu wanda ya matsa mini. Na faɗi sunansa, na haɗa da na uwarsa.

“Chaibou na Aissa.”

Daga can nesa ladan ya ɗaga murya. Zaren ya saki. Katangar babu kowa. Ina kwance a kan yashi mai tauri, zanina ya jiƙe da jini, wata akuya tana kallona. Da rarrafe na fito bakin lungu, wani mai amalanken jaki ya ɗauke ni ya mai da ni wurin Majo. Washegari dokotoro ya sake ɗinke wurin, yana faɗa cewa na ɗauki abu mai nauyi. Na bar shi a haka.

Bayan sati biyu Idi direba, wanda yake kai ruwa Djado, ya zo duba ni. Ya ce ramin namu ya ba da zinariyar da ba a taɓa gani ba a wannan gefen, kuma Chaibou ya gaya wa kowa cewa na bar masa rabona, ba zan sake dawowa ba. Sannan ya yi ƙasa da murya. Ya ce wata magariba Chaibou ya sauka ɗauko fitilar da ya manta. Ramin bai rufta ba. Da aka ji shiru aka ja igiya, ta taho ba nauyi. Mutum huɗu suka shiga, suka samu fitilar tana ci, da takalminsa ɗaya.

Ban tambaye shi wace rana ce ba.

Na warke. Tabon ya kame, ina ɗaukar buta, ina hawa moto. Ban sake komawa Djado ba, yanzu shagon wani Alhaji nake tsaro a kasuwa, kuma magariba ba ta riskata a hanya. Duk Juma'a Inna Aissa, mahaifiyar Chaibou, takan biyo ta shagon da sandarta. Takan zauna a kan benci ta tambaye ni ko an ji wani labari, ta ce ni ne ɗan'uwansa, ni na fi kowa saninsa, in taya ta roƙon Allah ya dawo mata da shi. Sai in ɗaga hannu tare da ita. Ita tana cewa amin da hawaye, ni kuwa leɓena ne kawai yake motsi.