Layi na Uku, Shafi na Biyu

Ranar Laraba, saura kwana tara zaɓe, Insifekta bai ko ajiye hularsa ba Kwamishina ya aiko a kira shi.

Jaridar ranar tana shimfiɗe a kan tebur. An buga hoton shafi huɗu na wani rahoton sirri na hukumar leƙen asiri, wanda ya ce wani kamfani daga ƙasar waje yana tafiyar da dubban shafukan bogi a intanet don ya karkata zaɓen.

"Kwafi uku kacal aka buga," in ji Kwamishina. "Na Ministan cikin gida, na shugaban hukumar zaɓe, da na Daraktan leƙen asiri. Na Darakta ne aka sace. Minista ya kira ni sau uku tun safe. Ya ce 'yan leƙen asirin da kansu suka miƙa wa 'yan jarida don su ɓata wa gwamnati suna."

"An kama wani, yallaɓai?"

"Matar da ke buga musu takardu. Makullin akwatin ƙarfe a hannunta yake. Ga takardar amsa laifi an rubuta. Ka sa ta sa hannu kafin ƙarfe huɗu, kowa ya huta."

Insifekta ya karanta takardar. Laifin da ke ciki hukuncinsa ɗaurin shekara goma ne, matar kuwa saura wata biyu ta yi ritaya. Ya linke takardar ya sa a aljihu. Ba abin da ya tsana a aikin nan irin a ba shi amsa tun bai yi tambaya ba.

Ya fara da ofishin Darakta. Dogon mutum ne, mai magana kamar ana auna masa ita da cokali.

"Yaushe ka ga rahoton na ƙarshe?"

"Jiya da rana, a kan teburin nan. Minista ya zo da mai ba shi shawara. Ya ce in janye rahoton sai bayan zaɓe. Na ce ranar Alhamis zan kai shi gaban kwamitin majalisa. Ya ce aikinmu ba siyasa ba ne, na ce shi ya sa ba zan janye ba. Ya tashi a fusace, na bi shi har mota."

"Wa ya rage a ɗakin?"

"Ban waiwaya ba. Da na dawo Gwaggo, mai buga mana takardu, ta riga ta kulle fayil ɗin. Haka muke kiranta duk ofishin, har ni. Yau da safe muka buɗe, ga abin da muka tarar."

Ya turo fayil. Fararen takardu ne guda goma sha biyu, daidai kaurin rahoton. Insifekta ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, har Darakta ya fara duba agogo. A bayan ta tara akwai rubutu da koren biro, kalma biyu tak a saman shafi: A taƙaice. Daga nan ba komai.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Ba na nan ba ne. Baƙin biro muke amfani da shi." Darakta ya ƙara da cewa, "In ta sa hannu a takardarku, an gama da ita, an gama da rahoton, ni ma a cire ni. Ban damu da kujerar ba. Amma matar nan ba ta taɓa fita da ko ambulan ba."

A ƙofar caji ofis wata mata ta tare shi, idonta ya yi ja, tana riƙe da ƙaramar leda.

"Don Allah, yallaɓai, ni 'yar matar da kuka tsare ce. Maganin hawan jininta ne. Tun safe sun hana ni shiga."

Ya karɓa ya shiga da shi. Gwaggo tana zaune a kan benci, ta haɗe gwiwoyinta, bayanta a miƙe kamar tana gaban na'urar buga takardu. Ta sha maganin, ta yi godiya.

"Gwaggo, kin buɗe fayil ɗin kafin ki kulle?"

"Ban buɗe ba, ɗana. Na ɗaga na ji nauyinsa daidai. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki, sau ɗaya ke nan na yi sakaci, ga inda ya kawo ni."

"Ke kika ba 'yan jarida?"

"Ni da ko 'yata ba ta san launin ƙofar ofishina ba?" Ta kalle shi. "An ce an buga a jarida, amma ba wanda ya nuna min. Kana da ita?"

Ya miƙa mata. Ta nisanta ta, ta kusanto da ita, ta girgiza kai.

"Tabarauna yana can kan teburin ofis. Karanta min shafi na biyu, layi na uku."

Ya karanta: "Bincike ya tabbatar da shisshigin wani kamfani na ƙasar waje a harkar zaɓe."

"Sake faɗa."

"Shisshigin wani kamfani."

Gwaggo ta sauke numfashi mai tsawo. A karo na farko bayanta ya taɓa bango.

"Mene ne, Gwaggo?"

"Na yi rantsuwa ba zan faɗi yadda muke aiki ba, kuma ba zan karya ta don in ceci kaina ba. Amma kai ba ka yi ba, kuma ido gare ka. Je ka duba sauran kwafin."

Ya so ya yi mata faɗa. Mutum yana bakin gidan yari yana lissafin rantsuwa! Amma ya ga irin taurin kai ne da ba a lanƙwasawa, kuma a ransa ya ji ta burge shi.

Shugaban hukumar zaɓe dattijo ne mai tsoron takarda fiye da tsoron maciji. Sai da ya kulle ƙofa sannan ya fito da nasa kwafin, kuma bai sake shi ba, yana riƙe Insifekta yana leƙawa.

Shafi na biyu, layi na uku: "Bincike ya tabbatar da tsoma bakin wani kamfani na ƙasar waje a harkar zaɓe."

Insifekta ya ɗauko waya ya kira Darakta.

"Yallaɓai, a naka kwafin, me aka ce kamfanin ya yi a harkar zaɓe?"

"Katsalandan. Da hannuna na rubuta. Me ya faru?"

"Ka same ni a ofishin Minista ƙarfe uku."

Ashe haka Gwaggo take yi, ba da sanin ko Darakta ba. Kowane kwafi da kalmarsa, ma'ana ɗaya, ba mai lura. Na Darakta katsalandan, na shugaban zaɓe tsoma baki. Shisshigi kuwa, kwafi ɗaya ya rage: na Minista.

"Ni abin da ya ba ni mamaki," in ji dattijon yana mayar da takardun, "shafi huɗu kawai suka buga. Ai naman yana shafi na bakwai."

"Me ke ciki?"

Dattijon ya sassauta murya. "An ce wani daga ofishin Minista ya gana da wakilan kamfanin sau biyu. Ba a kama suna ba."

Yana kan hanya Kwamishina ya kira.

"Ta sa hannu?"

"Tukuna, yallaɓai."

"Kana so a mayar da kai tsaron shingen hanya ne?"

"Ka ce ƙarfe huɗu, yallaɓai. Yanzu biyu da rabi."

Mai ba Minista shawara ne ya tarbe shi a ɗakin jira. Mutum ne mai fara'a da ƙamshin turare, irin wanda zai riƙe hannunka da hannu biyu alhali idonsa yana kan ƙofa.

"Jiya bayan taro, ka tsaya a ofishin Darakta?"

"Ina! Tare muka fito da mai girma Minista, ƙafarsa ƙafata."

"Kwafin Minista a ina yake kwana?"

"A durowata, a kulle. Ba wanda ya taɓa shi. A taƙaice dai, Insifekta, ɓarauniyarku tana hannunku."

Insifekta ya dubi aljihun rigar mutumin. Koren biro ne a maƙale.

Minista ya karɓe su a tsaye. Da ya ga Darakta ya shigo sai ya ɗaure fuska.

"Kai kuma me ya kawo ka? Ba ku gama tozarta mu ba?"

"Ni na kira shi, ranka ya daɗe," in ji Insifekta. "Alfarma ɗaya nake nema. A kawo kwafinka, ka karanta mana shafi na biyu, layi na uku."

Aka kawo. Minista ya lalubi shafin kamar baƙo a unguwa, don a gaskiya bai taɓa buɗe rahoton ba. Ya karanta: "Bincike ya tabbatar da shisshigin wani kamfani."

Insifekta ya shimfiɗa jaridar kusa da shi, ya ɗora yatsa a kan kalmar.

"Kwafin da aka sace katsalandan ya ce. Na hukumar zaɓe tsoma baki. Shisshigi a naka ne kawai, ranka ya daɗe. Abin da ke jaridar nan daga ofishin nan ya fita."

"Kana nufin ni?"

"Ban ce ba. Karanta mana shafi na bakwai."

Minista ya buɗe na shida, ya juya, sai ga na takwas. Ya koma baya, ya sake juyawa. Ya ɗago ya dubi mai ba shi shawara.

"Ina na bakwai?"

"Wataƙila tun daga can suka kawo shi haka, ranka ya daɗe. Ka san aikinsu."

"Wa ke karanta maka rahotanni?" in ji Insifekta.

"Shi. Yana rubuto min muhimman abubuwa a shafi ɗaya." Minista ya jawo wata takarda daga kan tebur. A samanta, da koren biro, an rubuta: A taƙaice.

Insifekta ya fito da ta cikin fayil ɗin Darakta ya ajiye a gefenta. Hannu ɗaya ne, har yadda aka ja wutsiyar harafin ƙarshe.

"Wannan tana cikin fararen takardun da aka cusa a madadin rahoton. Ya ce min tare kuka fito daga ofishin Darakta jiya."

"Tare?" Minista ya juya gaba ɗaya. "Ba na zauna a mota ina jiranka ba? Ka ce ka koma ɗauko min hula!"

Mutumin ya nemi kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Don kai na yi, ranka ya daɗe. Ni na gana da su. Sun ce za su ɗaga mu a intanet, ba wanda zai sani. Da na ga shafi na bakwai na cire. Ranar Litinin na ɗauki hoton shafi huɗu na aika wa jaridar. Jiya na ɗauke na Darakta don a ce daga can ya fita, a rushe zaman kwamiti. Ban san takardun ba iri ɗaya ba ne. Wa zai zauna yana canza kalma ɗaya?"

"Ita da ka so a ɗaure," in ji Insifekta. "Ina kwafin Darakta?"

"Durowar ƙasa."

Wani sajan da ke jira a waje ya shigo ya ɗauko shi, da yagaggen shafi na bakwai a linke a ciki. Minista ya share goshi, ya matso kusa da Insifekta.

"Ka ga, saura kwana tara. Wannan maganar cikin gida ce. A bar min shi, zan yi maganinsa."

"Ranka ya daɗe, da safe ba maganar cikin gida ba ce, sau uku ka kira. Akwai dattijuwa a tsare a bayan kanta tun ƙarfe takwas saboda kiran nan." Ya juya. "Sajan, sa masa ankwa."

Aka fita da shi ta gaban sakatarori, ƙamshin turarensa yana biye. Minista ya dubi Darakta.

"Gobe za ka je majalisar?"

"Zan je."

"Har da shafi na bakwai?"

"Shafi goma sha biyu ne, ranka ya daɗe. Haka zan kai shi."

Saura minti goma huɗu ta cika Insifekta ya ajiye wa Kwamishina takardar amsa laifi, amma ba wadda ya bayar da safe ba. Kwamishina ya karanta sunan da ke ƙasa, ya cire tabarau, ya mayar, ya ce a saki matar.

'Yarta ta rungume ta a bakin ƙofa tana kuka. Gwaggo ta ɗan bubbuga bayanta, ta ce ya isa, mutane na kallo. Sannan ta dubi Insifekta.

"Ka tona min asirin shekara talatin da ɗaya a wuni guda."

"A gafarce ni, Gwaggo. Muje in kai ku gida."

"Wane gida? Kwafin Darakta yana hannunku, shaida ne. Da me zai je majalisa gobe? Ofis za ka kai ni, in buga wani."

"Inna, don Allah!" in ji 'yar.

"Ke tafi ki ɗora tukunya, ina zuwa."

Insifekta ya buɗe mata ƙofar mota. Da suka hau titi ya kasa daurewa.

"Gwaggo, katsalandan ya tafi, shisshigi ya tafi, tsoma baki ya tafi. Wace kalma za ki sa a sabon?"

Ta gyara zaman jakarta a cinya, tana kallon hanya.

"Ɗana, na gaya maka na yi rantsuwa."