Dawisun Bangon Abbu

"Shehroz, ina dawisun?!"

Nimra ta tsaya a ƙofar gidansu tana kallon bangon, fari fat, fentin ko bushewa bai yi ba. Saurayin nata yana gefe riƙe da burushi, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki saurare ni, rabin raina..."

"Kar ka ƙara kirana haka! Ba a nan ka rantse min ba za ka taɓa shi ba?"

Gaskiya kam Shehroz ya yi wa lungun nan na Rawalpindi aiki. Wata shida da suka wuce wurin bola ce da zarnin fitsari, mutum sai ya toshe hanci. Shi ya tara matasa suka kwashe shara, suka cika bangaye da furanni da tsaunuka. Yanzu mai shayi ya jera bencina, mata suna fitowa hira da la'asar, baƙi suna zuwa ɗaukar hoto. Nimra har kunya take ji don yadda take alfahari da shi.

Amma dawisun ba nasa ba ne. Mahaifinta, Ustad Fazal, wanda take kira Abbu, mai zane a jikin manyan motoci, shi ya zana shi satin da ya auri mahaifiyarta. Matar ta rasu, shi kuma idonsa ya mutu, kullum da safe sai ya lallaɓo ya shafa tudun fentin wuyan tsuntsun.

"'Yan kwamitin unguwa ne suka ce ya tsufa, yana ɓata layin," in ji Shehroz. "Gobe manyan baƙi za su zo. Zan zana masa wanda ya fi shi, wallahi!"

"Wanda ya fi shi..."

"Haba Nimra, ai ba gani yake ba. In kin yi shiru wa zai faɗa masa?"

Maganar ta soke ta fiye da farin bangon. Wannan fa shi ne wanda Abbu ya ɗauka tun bai iya riƙe burushi ba, ya koya masa sana'a, ya yi masa alƙawarin 'yarsa ɗaya.

Sai ga ƙarar sanda. Abbu ya fito yana lalube.

"Abbu, mu koma ciki, shayinka zai huce," in ji Nimra.

Ina! Ya riga ya miƙa hannu. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, sumul. Ya kai yatsunsa hanci ya shinshina.

"Ustad, ka yafe min, zan..."

Nimra ta zare zoben baikonta, ta ajiye a kan murfin gwangwanin fenti, hawaye na zuba. Ta kama hannun mahaifinta.

"Abbu, za mu wanke shi. Ai yana ƙarƙashi, ko?"

Tsohon ya girgiza kai a hankali.

"Babu shi, 'yata. Sai da ya kankare shi kafin ya shafa fenti. Ni na koya masa haka."