Allon Jar Lema

"Ba zan ba mutumin da ke gaida allon hanya 'yata ba!"

Ɗana Masaharu ne ya faɗi haka, ya bugi tebur har kwanon garahuni ya yi tsalle. Jikata Chinatsu ta ajiye tsinkayen cin abincinta, idanunta suka ciko.

"Baba, ba gaishe shi ya yi ba... karantawa yake yi."

"Minti arba'in? Allo ɗaya?"

Ni dai na sunkuyar da kai ina cin shinkafata, don allon da ake magana nawa ne.

Sunana Genshin, shekarata tamanin da ɗaya. Aji uku na yi a makaranta na bari, saboda abin da ke wajen taga ya fi abin da ke kan allo daɗin kallo. Titi ɗaya ne ya zagaye ɗan tsibirinmu, can kudu da Okinawa, kuma alluna shida kacal hukuma ta kafa masa, babu mai ban sha'awa ko ɗaya. Da na daina kamun kifi sai na sayi fenti na ƙara ashirin da uku. Duk zane ne, babu rubutu, don rubutuna ni kaina ba na iya karanta shi. 'Yan gari kuwa sun daɗe da daina ganinsu.

Sai ga wani saurayi mai suna Ryohei ya zo hutu daga Hokkaido, ƙasar ƙanƙara. Ya yi hayar keke a rumfar Chinatsu da safe, har la'asar bai dawo ba. Ta fita nemansa, ta same shi taku ɗari uku daga rumfar, tsaye gaban allon da na zana kunne, fuskarsa ta yi jajir da rana.

"Malam, lafiya?"

"Ni malamin koyar da tuƙi ne," ya ce, kamar zai yi kuka. "Babu alamar da ban sani ba a ƙasar nan. Amma wannan ba ta cikin littafi!"

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sannan ta ce ya yi shiru ya saurara. Akwai kogo a ƙarƙashin titin, teku na numfashi a ciki kamar tsoho mai barci. Suka saurara tare. Daga nan ne, ina jin, zancen ya fara.

Wannan zuwansa na uku ne, kuma ya furta abin da ke ransa. Chinatsu ta ce ba za ta yi aure ba sai da yardar ubanta. Ta kuma ce wa Ryohei in ya hau jirgin ruwan Lahadi babu wannan yarda, kada ya sake dawowa, don ta gaji da rakiya bakin ruwa tana komawa gida ita kaɗai.

Masaharu direban babbar motar rake ne, cikin minti goma sha takwas yake zagaye tsibirin. Ya goge baki ya yanke hukunci.

"Ranar Lahadi ya ɗauke ni a mota. Rabin awa na ba shi, ya zagaya da ni ya kai tasha kafin jirgin sha biyu ya tashi. In ya iya, namiji ne, sai mu yi magana. In ya kasa, ya nemi 'yar ƙanƙara irinsa."

Ranar Lahadi Chinatsu ta riƙe ƙofar ƙaramar motar haya tana roƙo.

"Ryo, rabin raina, yau kaɗai... ka rufe ido ka wuce su."

"Mai tuƙi ba ya rufe ido, masoyiyata."

"Wayyo ni! Kaka, ka yi masa magana mana!"

"Ni fasinja ne," na ce, na shige baya.

Masaharu ya zauna gaba. Ryohei ya ƙi tayar da mota sai da kowa ya ɗaura bel. Minti biyu sun tafi.

Allon farko na kunkuru ne. Ya rage gudu. Da ma an yi ruwa da asuba, sai ga kunkuru na gaske a tsakiyar titi, yana tunanin ko ya ƙetara ko ya fasa.

"Kauce masa!" in ji Masaharu.

"Shi ya riga mu shiga hanya, Baba."

"Wane ne Babanka?"

Muna nan sai ga Chinatsu a kan keke ta zo ta wuce mu, tana kaɗa ƙararrawa kamar mai kiran 'yan kwana-kwana. Keke fa! Masaharu ya rufe fuska da hannu.

Allo na gaba hula ce. Nan na fara ganin matata shekara sittin da suka wuce, tana ɗauke da kwandon abarba, hulata ta faɗi ban sani ba. Ma'anar allon, duk mai wucewa ya cire hula. Ryohei ba shi da hula, sai ya ɗan sunkuyar da kai.

Masaharu ya juyo gare ni. "Ka gani ko, Tsoho? Ba na ce yana gaishe su ba?"

"Yaron kirki ne," na ce.

A allon akuya mai buɗaɗɗen baki Ryohei ya ce, "Baba, a ɗaga gilashi."

"Shekara hamsin ina bin titin nan, yaro zai koya mini..."

Bai ƙarasa ba. Bunsurun tsohuwa Tsuru, da ke kwana kan katangar bakin hanya, ya zuro kai ya fizge tawul ɗin da ke wuyansa. A babbar mota bakin bunsurun ba ya kaiwa taga, shi ya sa Masaharu bai taɓa sanin amfanin allon ba. Na danne dariya har haƙorin robana ya nemi fita.

Abin mamaki, duk da haka muna kan lokaci. Yaron ya iya hannu, ba ya ɓata ko daƙiƙa tsakanin allo da allo. Saura minti huɗu muka hau tudun ƙarshe. Ga tasha can ƙasa, ga jirgi na hayaƙi, ga Chinatsu tana ɗaga mana hannu biyu. Gangara ɗaya ta rage.

A kan kwanar akwai allona na ƙarshe. Jar lema ce a buɗe, ba kowa a ƙarƙashinta.

"Taka mai," in ji Masaharu. Muryarsa ta sauya.

Ryohei ya kunna sigina, ya gangara gefe, ya kashe mota.

"Kai! Ka haukace? Ga jirgi can!"

"Na gani, Baba." Ryohei ya saki sitiyari. "Duk allunan Kaka, Chinatsu ta fassara mini, ban da wannan. Kullum in mun zo nan a keke sai ta yi shiru, ta sauka ta tura da ƙafa, tana share ido tana cewa iska ce. Ban san ma'anarsa ba. Amma ba zan wuce da gudu a wurin da take kuka ba... ko da zan rasa ta."

Masaharu ya juyo a hankali. "Kuka take yi a nan?"



Sumie, matar Masaharu, nan take tsayawa kullum da tsakar rana da jar lemarta, tana jiran motar rake ta miƙa wa mijinta dunƙulen shinkafa, ƙaramar Chinatsu na riƙe da gefen rigarta. Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwarta. Tun daga lokacin ɗana bai sake taka birki a kwanar nan ba, bai kuma taɓa ce mini komai kan allon ba.

Ya kwance bel ya fita. Ya tsaya gaban allon, hannayensa a sake kamar bai san inda zai ajiye su ba. Can ƙasa jirgi ya yi kuka, ya fara ja da baya.

Chinatsu ta hauro tudun tana haki, gashinta a hargitse. "Ryo! Me ka yi? Saura kaɗan fa..." Sai ta ga ubanta, ta yar da keken.

"Baba..."

Ya jawo ta jikinsa da hannu ɗaya, bai ɗauke ido daga allon ba.

"Sumie, ga abin da 'yarki ta kwaso mana. Kunkuru ya fi shi sauri." Ya ja hanci. "Ya faɗi jarrabawa."

Ryohei ya sunkuyar da kai.

"Ya faɗi ƙasa warwas. Jirgi kuma sai Laraba, dole mu ciyar da shi." Ya juyo. "Kai ɗan ƙanƙara, kana shan farfesun akuya?"

"Ban taɓa ba, Ba... ranka ya daɗe."

"Ka ce Baban, tunda ka fara. Za ka sha ranar biki. Na ma san bunsurun da za a yanka."

Chinatsu ta fashe da kuka da dariya a haɗe, tana dukan ƙirjin Ryohei. Shi kuwa sai da ya duba dama da hagu kafin ya rungume ta.

Washegari da safe ina wanke burushina, Masaharu ya dire gwangwanin fenti a gabana.

"Tsoho, lemar nan ta koɗe. Kuma tun farko ma ba haka janta yake ba."

"To yaya yake?"

"Taso mu je in nuna maka," ya ce. "A keke."